Farar Ƙara: Shin Ya Halatta Musulmi Ya Nemi Sauƙi Da Na'urar Sauti?

Bismillahir Rahmanir Rahim



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya tsaga masa ji da gani, Ya kuma sanya masa dare domin ya natsu a cikinsa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, abin da zan yi magana a kansa a yau wataƙila wani ya ga bai kai a ɓata lokaci a kansa ba. Ni ma haka nake ganinsa a da, har sai da na zalunci wani yaro saboda jahilcina game da shi. Maganar ita ce ta mutanen da wasu sautuka ke azabtarwa alhali sauran jama'a ba su ma lura da su ba, da kuma na'urorin da suke kunnawa domin su samu sauƙi.

Abin da ya faru a ajinmu

A makarantar Islamiyyar da nake koyarwa akwai wani ɗalibi ɗan kimanin shekara 15, wanda zan sakaya sunansa. Yaro ne mai ladabi da kaifin hadda, ba a taɓa kawo min ƙararsa a kan sata ko zagi ba. Sai dai idan wani a sahunsa yana taunar cingam, ko yana jan majina, ko yana ƙwanƙwasa biro a kan benci, sai ka ga fuskarsa ta canza, ya dunƙule hannu, karatun ya kwance masa. Wata ranar Asabar muna tsakiyar bitar Suratul Kahfi, sai ya miƙe ya hankaɗe na kusa da shi har ya faɗo daga benci. Da na tambayi dalili sai ya ce wai gyaɗa yake tauna. Na ɗauki wannan amsa a matsayin rainin hankali, na yi masa bulala a gaban aji, na ce kada ya dawo sai da mahaifinsa.

Washegari mahaifin ya zo, dattijo mai mutunci. Bayan mun gaisa sai ya ce da ni: "Malam, ni ma abin ya ishe ni. Shekara biyu ke nan rabon da ya ci abinci a tire ɗaya da 'yan'uwansa. Da an ajiye abinci sai ya ɗebi nasa ya tafi zaure. Mun yi faɗa, mun yi duka, an yi masa ruƙiyya har sau uku, ana cewa aljani ne." Na juya ga yaron na ce ya gaya mana gaskiya tsakaninsa da Allah. Ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba, ya ce: "Malam, wallahi ba da gangan nake yi ba. Idan na ji ana tauna, ji nake kamar ana soka min allura a cikin kai. Har auduga nake cusawa a kunne. Amma ranar da akwai wuta, fanka tana juyawa, abin yana zuwa min da sauƙi."

Wannan magana ta fanka ita ce ta tsaya min a rai, domin kuwa ban taɓa jin aljanin da fanka ke kora ba. Na ce da mahaifin: "Alhaji, kafin mu sake dukansa, a kai shi wurin likitan kunne." An kai shi, aka auna jinsa aka tarar lafiya lau yake. Likitan ya yi musu bayanin larurar, ya hana shi cusa auduga, ya kuma ba da shawarar a riƙa kunna wani sauti marar ƙarfi a lokacin cin abinci da lokacin kwanciya. Ni kuma na koma na karanta abin da ya sawwaƙa, na gane cewa bulalar da na yi ba ta bisa haƙƙi.

Wace irin larura ce wannan?

Masana lafiyar kunne sun bambance tsakanin larurori uku da mutane kan cakuɗa. Ta farko ita ce ƙugin kunne, wato mutum ya riƙa jin ƙara ko feɗuwa a cikin kunnensa alhali babu mai yin ta a waje, kuma abin ya fi tsananta idan dare ya yi shiru. Ta biyu ita ce wadda suke kira haifarakusis, inda sautin da kowa ke ji daidai, kamar haɗuwar kwanuka ko kukan yaro ko hon ɗin mota, yake zame wa mutum mai tsananin ƙarfi, wani lokaci har da zafi a kunne. Tana iya biyo bayan jin ƙara mai tsanani, ko buguwa a ka, ko ciwon ɓarin kai, kuma tana da yawa a tsakanin yara masu larurar galahanga. Ta uku ita ce misofoniya, wadda ma'anar sunanta ita ce ƙin sauti. A nan ba ƙarfin sautin ne matsala ba, nau'insa ne: tauna, tsotsa, numfashi, jan hanci, ƙwanƙwasa. Mai ita yakan ji fushi ko ƙyama ko firgici sun taso masa nan take ba da zaɓinsa ba, kuma galibi tana farawa ne a ƙuruciya ko farkon balaga. Abin da ke damun ɗalibina ke nan.

Wasu masana biyu a Amurka, Pawel Jastreboff da matarsa Margaret, su ne suka ƙirƙiro wannan suna a shekarar 2001. A shekarar 2017 kuma Dakta Sukhbinder Kumar da abokan aikinsa a Jami'ar Niyukasil ta ƙasar Ingila suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 20 masu wannan larura da mutum 22 marasa ita. Sun tarar cewa idan aka kunna wa masu larurar sautin tauna ko numfashi, wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke haɗa abin da jiki ke ji da motsin rai yana yin aiki fiye da kima, bugun zuciyarsu ya ƙaru, gumi ya tsattsafo musu. Da aka kunna musu kukan jariri ko ihu, waɗanda kowa ma ba ya so, ba su yi wannan irin tashin ba. Wato dai abin yana da tushe a jiki, ba shagwaɓa ko rashin tarbiyya ba ne kamar yadda ni da mahaifinsa muka zata.

Mece ce farar ƙara?

Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sautuka daga mafi kauri, mai kaɗawa sau 20 a daƙiƙa, zuwa mafi siriri, mai kaɗawa sau 20,000. Idan aka haɗa dukkan waɗannan da ƙarfi iri ɗaya a lokaci guda, abin da ke fitowa shi ne wani "shuuu" marar hawa da sauka, irin wanda ake ji idan aka murɗa rediyo tsakanin tasha da tasha. Turawa suka kira shi da abin da za mu fassara da farar ƙara, domin kamar yadda farin haske ya tattara dukkan launuka, haka ita ma ta tattara dukkan sautuka. Akwai danginta da aka rage wa sirantaka suka fi taushi a kunne, masu kama da zubar ruwan sama ko gudun kogi, kuma mutane da yawa sun fi jin daɗinsu.

Yadda take aiki kuwa, ƙwaƙwalwa ba ta cika damuwa da sautin da ya daɗe yana tafiya bai ɗaya ba, abin da ke fizgar ta shi ne canji na farat ɗaya. Ka ɗauki misalin tocila: idan aka haska ta a ɗaki mai duhu nan take za ka zabura, amma idan aka haska ta a tsakar gida da tsakar rana ba za ka ma san an kunna ba, alhali hasken tocilar bai ragu ba. Haka farar ƙara take yi, tana ɗaga shimfiɗar sautin ɗaki kaɗan yadda taunar ɗan'uwa ko rufe ƙofar maƙwabci ba za su yi tsini ba.

Alal haƙiƙa mu ma mun daɗe da sanin wannan, suna ne kawai ba mu ba shi ba. Wa bai san daɗin barci ba idan ruwa na zuba a kan rufin kwano? Wa bai taɓa farkawa a tsakar dare ba a daidai lokacin da aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, tun kafin zafi ya kai gare shi? Uwa ma idan jariri na kuka, takan kai bakinta kusa da kunnensa tana "shhh". Ita kanta na'urar da aka fara sayarwa domin wannan aiki a Amurka a shekarar 1962, wadda kamfanin Marpac ya fitar da sunan Sleep Mate, ba komai ba ce illa 'yar fanka da aka rufe a cikin gwangwani mai huji. A yau kuwa akwai masu aiki da batir, akwai ƙanana da likitoci ke maƙala wa marar lafiya a bayan kunne, akwai kuma manhajoji na kyauta a wayar hannu. Mahaifin ɗalibina bai sayi komai ba face fanka mai caji, sai kuma sautin ruwan sama da aka sa wa yaron a waya.

Amsa ga shubuhohi uku

Da labarin ya yaɗu a tsakanin malamai, wani abokin aikina da nake girmamawa ya nuna rashin amincewa, kuma abin da ya faɗa na san yana cikin zukatan da yawa daga cikinku, shi ya sa zan amsa shi dalla-dalla.

Na farko, ya ce wannan ƙofa ce ta kiɗa. Amsata ita ce, asali a cikin abubuwan rayuwa shi ne halacci har sai dalili ya zo da hani, kuma wannan ƙa'ida ce sananniya a wurin malaman fiƙhu. Malaman da suka haramta kayan kiɗa suna magana ne a kan abin da ake kaɗawa ko busawa da tsari, mai motsa rai zuwa ga shauƙi da shagala. Farar ƙara ba ta da kari, ba ta da amshi, ba ta da kalma, ba ta sa kowa rawa. Wanda ya haramta ta, to ya zama dole ya haramta ƙarar fanka da zubar ruwan sama. Sai dai a nan akwai abin lura: da yawa daga cikin manhajojin nan suna cakuɗa sautin ruwa da fiyano ko sarewa, wasu kuma suna zuwa da da'awar cewa wani sauti yana buɗe ƙofofin ruhi ko yana jawo arziki, wanda ya samo asali daga aƙidun da ba namu ba. Musulmi ya zaɓi tsantsar sautin, ya bar musu sauran tarkacen.

Na biyu, ya ce wannan rashin haƙuri ne da raunin tawakkali, yaro ya daure kawai. To amma ai Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) hadisin da ke nuna cewa babu cutar da Allah Ya saukar face Ya saukar da maganinta, kuma a hadisin Usama ɗan Sharik (RA) Manzon Allah (SAW) ya umarci ƙauyawan da suka tambaye shi da su nemi magani. Mutumin da ya tambaya ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, an umarce shi ne da ya ɗaure ta sannan ya dogara. Idan mai ciwon ido ya sa baƙin tabarau saboda hasken rana, babu mai ce masa ya rasa tawakkali. Me ya sa mai ciwon ji zai zama daban? Haƙurin da shari'a ta yaba shi ne mutum ya ƙi yin fushi da ƙaddarar Ubangijinsa, kuma wannan ba ya hana shi neman sauƙi. Ku dubi kuma abin da daurewar ta haifar a gidan yaron nan: shekara biyu yana cin abinci shi kaɗai a zaure, yana ganin kansa a matsayin mugu mai ƙin 'yan'uwansa. A yau yana zama da su a tire ɗaya. Abin da ya mayar da yaro cikin danginsa ai ya taimaki zumunci ne.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, ya ce: in dai sauti ake buƙata, me zai hana a kunna masa karatun Alƙur'ani? Babu shakka Alƙur'ani waraka ne da rahama ga muminai, kuma ruƙiyya da shi sunna ce tabbatacciya da ba na jayayya da ita. Wanda ya kwanta yana sauraren karatu da zuciyarsa har barci ya ɗauke shi, ya yi abu mai kyau. Amma mu tsaya mu yi tunani a kan aikin da ake so farar ƙara ta yi. Amfaninta gaba ɗaya shi ne ƙwaƙwalwa ta manta da ita, mafi kyawunta ita ce wadda ba ka ma san tana tafiya ba. Alƙur'ani kuwa an saukar da shi ne domin a yi tadabburin ayoyinsa, kamar yadda aya ta 29 ta Suratu Sad ta nuna, kuma a aya ta 204 ta Suratul A'araf an umarce mu da saurare da yin shiru idan ana karanta shi. Yaya za mu ɗauki maganar da aka ce a saurara, mu ba ta aikin abin da ake so a manta da shi? Yaya za mu kunna Suratul Baƙara domin ta rufe ƙarar janareta, ko ta danne sautin tauna ana hira ana dariya a kanta? Ban ce wanda ya yi haka ya aikata haramun ba, amma ina tsoron mu saba wa kunnuwanmu jin Alƙur'ani ba tare da saurare ba, har ranar da liman zai karanta ayar azaba a gabanmu zuciya ta ƙi motsi domin ta saba jinsa a matsayin ƙarar bango. A ganina girmama Littafin Allah shi ne a bar fanka ta yi aikin fanka.

Sharuɗɗan da ya kamata a kiyaye

Cewa abu halal ne ba ya nufin a yi shi yadda aka ga dama. Aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta sanar da mu cewa ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne a kansu, saboda haka kunne amana ne.

Sharaɗi na farko shi ne a fara da ganin likita. Akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Na'urar nan tana rage raɗaɗi ne, ba ta cire cuta. Wani nazari da aka fitar a shekarar 2021, wanda ya tattara bincike 38 a kan barci da irin wannan sauti, ya kammala da cewa hujjar amfaninsa ga barci tana da rauni ƙwarai. Ga masu misofoniya kuwa, wani gwaji da aka yi a birnin Amstadam na ƙasar Holan, wanda aka fitar da sakamakonsa a shekarar 2020, ya nuna cewa zaman koyon sarrafa tunani da ɗabi'a tare da ƙwararru ya kawo sauƙi a fili ga sama da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa. Ɗalibina ma bai warke sarai ba, sauƙi ya samu.

Na biyu, kada a ƙure sauti. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel, kuma hira ta yau da kullum takan kai kimanin 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar abin da babba zai saurara ba tare da cutuwa ba shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Ita dai hukumar ta yi gargaɗi a shekarar 2015 cewa matasa biliyan 1.1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti. Ma'auni mai sauƙi shi ne: idan wani ya yi maka magana da muryarsa ta al'ada daga nisan hannu ba ka ji ba, to ka wuce gona da iri. Lasifika a gefen ɗaki ya fi iyafis a kunne tsawon dare.

Na uku, a daina toshe kunne ba dalili. A shekarar 2003 Craig Formby da abokan aikinsa a Amurka sun gwada mutane masu lafiyar ji: wasu suka toshe kunnuwansu na mako biyu, wasu suka sa 'yar na'ura mai ƙara marar ƙarfi na tsawon wannan lokaci. Waɗanda suka toshe sai suka koma jin sautuka sun ƙara musu ƙarfi, ɗaya rukunin kuwa juriyarsu ta ƙaru. Ashe audugar da yaron nan yake cusawa ƙara masa ciwon take yi. A ajiye abin toshe kunne domin wurin da ƙara ke da haɗari na gaske, kamar gaban injin niƙa.

Na huɗu, a yi hattara da jarirai. A shekarar 2014 likitoci a birnin Toronto na ƙasar Kanada sun auna na'urori 14 da ake sayarwa domin barcin jarirai. Da aka ƙure su a nisan santimita 30, dukkansu sun wuce desibel 50 da aka ƙayyade wa ɗakunan jarirai a asibiti, uku daga ciki ma sun haura 85. Mai jego ta ajiye ta nesa da shimfiɗa, ta rage sauti, ta kashe idan barci ya yi nauyi.

Na biyar, kada ta toshe haƙƙi. Akwai sautukan da wajibi ne su iso gare ka: kiran salla, kiran mahaifiya, kukan jaririnki, sallamar baƙo, hon ɗin mota idan kana kan titi. Wanda ya san sautin zai hana shi tashi Asuba, ya saita shi ya mutu da kansa bayan awa ɗaya ko biyu, ya kuma sa ƙararrawa. Ranar Juma'a idan liman ya hau mumbari a cire komai daga kunne. Sannan kada ta maye gurbin zikirin kwanciya: ka yi alwala, ka karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, sannan ka kunna abinka. Idan kuma da wani a ɗakin, ka nemi yardarsa, kada maganinka ya zama cutarsa.

Sauran laifin namu ne

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, da na tsaya a nan da na yi ha'inci, domin kuwa da yawa daga masu neman wannan na'ura ba wata larura ce ta kai su ba, mu ne muka kai su. Wanda ya ajiye janaretansa a ƙarƙashin tagar maƙwabci ya kwana yana ruri, da mai biki da ya tare layi da manyan lasifikoki har tsakar dare, da mai tallan magani da ke zagaya unguwa da amsa-kuwwa, da matashin da ke kallon bidiyo a cikin adaidaita-sahu ba tare da ya rage sauti ba, duk suna da kaso. Kuma in faɗi abin da ya fi ɗaci, mu ma'abota addini muna cikin sahun gaba. Sau nawa ake kunna kaset ɗin wa'azi a lasifikan waje tun kafin alfijir, alhali masallacin babu kowa sai ladan, a unguwar kuma akwai marar lafiya da mai jego da ɗalibi mai jarrabawa?

Ba haka magabata suke ba. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri (RA) cewa Manzon Allah (SAW) yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya hana su cutar da juna, ya tunatar da su cewa kowannensu ganawa yake da Ubangijinsa. Ku lura, karatun Alƙur'ani ne a cikin masallaci, amma ya kira ɗaga muryar cutarwa. Muslim ya ruwaito daga Miƙdad (RA) cewa idan ya shigo da dare yakan yi sallama yadda na farke zai ji, mai barci kuma ba zai tashi ba. Sayyidina Umar (RA) ya tsawata wa mutum biyu 'yan Ɗa'ifa saboda ɗaga murya a masallacin Annabi, kuma an ruwaito daga Imamu Malik cewa ya karhanta ɗaga murya a masallaci ko da da karatun ilimi ne. Luƙmanu ma a wasiyyarsa ga ɗansa ya umarce shi da sassauta murya, ya kuma misalta mummunar murya da kukan jaki.

A shekarar 2021 ma'aikatar harkokin addinin Musulunci ta Saudiyya ta taƙaita amfani da lasifikan waje ga kiran salla da iƙama, ta kuma ce kada ƙarfinsu ya wuce kashi ɗaya cikin uku. A Nijeriya akwai dokar ƙayyade ƙara tun shekarar 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA. Amma Musulmi bai kamata ya jira hukuma ba a kan abin da Annabinsa ya riga ya koya masa. Duk wanda ya kwana da na'ura a kunne saboda ƙararka, ka sani yana da haƙƙi a kanka, kuma na'urarsa ba ta sauke maka shi ba.

Kammalawa

Ni dai na fara da kaina. Na kira yaron a gaban ajin da na dake shi na nemi afuwarsa, na mayar da mazauninsa kusa da taga a ƙarƙashin fanka, na hana cin komai a lokacin karatu, na kuma ba shi izinin fita na ɗan lokaci idan abin ya taso masa. Shi ma na gaya masa cewa larura ba ta halatta masa hankaɗe ɗan'uwansa ba, ya je ya nemi yafiyarsa, kuma ya yi. Ina kira ga malamai da iyaye, idan kuka ga yaro mai ladabi yana fusata a kan sautin da bai kai ya kawo ba, ku tambaye shi kafin ku ɗaga bulala. Ku kuma matasa masu fama da wannan a ɓoye, ku daina zargin kanku da mugun hali, ku nemi magani, ku yi amfani da abin da Allah Ya hore bisa iyakokinsa.

Lokacin da Mala'ika Jibrilu ya kawo wa Nana Khadija (RA) bushara da gida a Aljanna, cikin abin da aka siffanta gidan da shi, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, har da cewa babu hayaniya a cikinsa kuma babu wahala. Allah Ya sa mu zama masu sauƙaƙa wa maƙwabtanmu a nan duniya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya haɗa mu a wannan gida.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.